Famfo, soso ko awarwaro: da me za a auna maganin feshi a iskar garuruwan noma?

Idan aka yi feshi a gona, ba duka maganin ke sauka a kan ganye ba. Wani kaso iska ke kwashewa nan take, musamman ƙananan ɗigon da ba su kai mikiron 150 ba (mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Wani kason sai ya sauka tukuna, sannan zafin rana ya mai da shi tururi, ya riƙa tashi daga ganye da ƙasa har kwanaki bayan mai feshin ya wanke injinsa ya koma gida. Akwai kuma wanda ke manne wa ƙura, ta tafi da shi duk inda ta nufa. Duka ukun suna isa gidajen bakin gona da makarantu da asibitoci.

Mazauna kusa da gonaki sun san wannan tun kafin masana su rubuta shi. Suna jin warin da yamma, suna ganin yara na murza ido, kai na sarawa. Amma ranar da aka kai kuka gaban hukuma ko gaban mai gona, tambaya uku ake yi: wane magani ne, nawa ne a cikin iskar, yaushe? Daga nan ƙungiyar manoma ko shugabannin makaranta ko ma'aikatan lafiya su shiga neman hanyar awo, su tarar hanyoyin suna da yawa, kuɗin hannu kuwa ba zai ɗauki biyu ba. Zan bi guda biyar. Ra'ayina tun daga farko shi ne, inda aka fi yin asara shi ne a sayi na'ura mai kyau wadda ke amsa wata tambaya dabam da wadda ta hana mutane barci.

Abubuwan da za a duba kafin a zaɓa

Na farko, lokaci. Damuwarku ita ce sa'o'in da ake feshi da daren da ya biyo baya, ko kuwa abin da ake shaƙa kaɗan-kaɗan tsawon shekara? Waɗannan tambayoyi biyu ne, kuma babu na'ura ɗaya mai araha da ke amsa su tare. Magani yakan yi yawa a iska da magariba da kuma asuba, lokacin da iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama, tururin ya rasa hanyar tashi ya riƙa bin ƙasa a hankali zuwa gidaje. Awon da ya cakuɗa wannan daren da kwana tamanin da ba a yi feshi ba zai fito da lamba ƙarama mai kwantar da hankali, alhali mutane sun sha wuya.

Na biyu, irin maganin. Magungunan turara ƙasa, irin su kulorofikirin da 1,3-D da ake sayarwa da sunan Telone, iskar gas ce zalla. Maganin ƙwarin nan DDVP ma saurin tashi gare shi. Magungunan ƙwari irin su kulofirifos da endosulfan da lindan suna tsaka-tsaki, mafi yawa tururi, wani kaso manne da ƙura. Magungunan ciyawa gilaifoset da farakwat kuwa kusan ba sa zama tururi, a ɗigo da ƙura suke tafiya, kuma kowannensu yana buƙatar gwaji na daban a ɗakin gwaje-gwaje. Saboda haka aikin farko ba ya cin kuɗi: a zaga a rubuta sunan sinadarin da ke jikin robobi da buhunan da ake amfani da su a yankin, da watan da ake fesa kowanne.

Na uku, ɗakin gwaje-gwaje. Uku daga cikin hanyoyin nan biyar ba sa nuna komai a wurin da aka kafa su. Tarko ne kawai. Sai an kai abin da suka kama inda ake da na'urorin tantance sinadarai da ake kira GC-MS ko LC-MS/MS kafin a san suna da adadi. Ku nemi ɗakin tun kafin ku sayi ko ƙusa, ku tambaye su jerin sinadaran da suke iya ganowa, da mafi ƙanƙantar adadin da na'urarsu ke gani, da ko sun taɓa aiki da samfurin iska. Ɗakin da ya ƙware a gwada tumatir da hatsi ba lalle ne ya iya wannan ba.

Sai kuɗi, wanda a wannan aiki yawan samfuri ne ke yanke shi fiye da farashin na'ura, domin kowane samfuri kuɗin gwajinsa daban. Sai juriya: wutar lantarki, zafi, ruwan sama, ɓarayi. Na ƙarshe, ƙarfin hujja, wato wa zai karɓi sakamakon, da kuma irin rigimar da zai iya tayarwa tsakanin maƙwabta.

Famfo mai zuƙar iska

Wannan ita ce hanyar da hukumomi suka fi yarda da ita. Famfo yana jan iska ta cikin bututu mai ɗauke da soso ko ƙananan ƙwayoyin roba masu kama sinadari, irin su XAD-2, wani lokaci da matata a gaba don tare ƙura. Tunda an san litar iska nawa ta wuce, ana iya cewa nanogiram (kashi ɗaya cikin biliyan na giram) kaza ne a kowace kubik mita, a rana kaza. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana da ƙa'idoji biyu a kan haka: TO-10A ta ƙaramin famfo mai jan lita 1 zuwa 5 a minti, da TO-4A ta babban famfo mai jan sama da lita 200 a minti, wanda a kwana guda yake tace kusan kubik mita 300.

Da irin wannan awo jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa tsarinta na dindindin a 2011, aka fara da garuruwa uku, Shafter da Ripon da Salinas, ana ɗaukar samfurin sa'a 24 sau ɗaya a mako. Faransa ma da famfo ta yi gagarumin awonta na ƙasa baki ɗaya daga tsakiyar 2018 zuwa tsakiyar 2019, a wurare 50, ana neman sinadarai 75. Abin da ya fi tayar da hankali a sakamakon shi ne lindan, wanda ƙasar ta hana amfani da shi a gona tun 1998, amma ya fito a kusan kashi 80 cikin 100 na samfuran.

Akwai ƙaramin nau'i da aka yi don talakawa su riƙe da kansu. Ƙungiyar Pesticide Action Network ta fito da Drift Catcher a farkon shekarun 2000, famfo mai jan kusan lita 2 a minti, mazauna gari suna canja bututun da kansu kullum a lokacin feshi. Mutanen Lindsay da ke zagaye da gonakin lemo a Kalifoniya sun yi amfani da shi wajen nuna kulofirifos a iskar gidajensu.

Kuɗin awo da famfo ya fi na kowace hanya. Awon mako-mako samfuri 52 ne a shekara a wuri guda, ban da samfuran shaida, wato bututun da ake kaiwa wurin a dawo da su ba a zuƙi iska da su ba, don a tabbatar gurɓacewar ba daga hanya ko hannun ma'aikaci ta fito ba. Yana buƙatar wuta ko batir da sola, da auna ƙarfin zuƙarsa a farko da ƙarshen kowane zama, da sanyaya samfurin tun daga wurin har ɗakin gwaji. Idan wuta ta ɗauke tsakar dare ba a san ƙarfe nawa ba, samfurin ya tashi a banza. Rauninsa na ɓoye kuwa shi ne ranakun da ba ya aiki. Kwana ɗaya a mako yana nufin kwana shida ba mai gani, kuma feshin da ya fi muni yana iya faɗawa cikinsu. Ga gas ɗin turara ƙasa, sau da yawa ba soso ake sa wa ba, gwangwanin ƙarfe ne da aka zuƙe iskar cikinsa, ko bututun gawayi na musamman, kuma wannan ƙarin kuɗi ne.

Soso a cikin kwano

Faifan soso ne mai faɗin kusan santimita 14, a rataye tsakanin kwanukan ƙarfe biyu da suka kife juna, da rata don iska ta ratsa. Ba wuta, ba ƙara, ba abin da ke motsi balle ya lalace. Ana barinsa wata ɗaya zuwa uku. Masana a Kanada ne suka daidaita shi, kuma da shi tsarin awon iska na duniya da ake kira GAPS ke awo a nahiyoyin duniya tun ƙarshen 2004, don bin diddigin sinadaran da Yarjejeniyar Istokholm ta 2001, wato yarjejeniyar ƙasashe kan gubobi masu daɗewa a muhalli, ta sa wa ido. Cikin jerin yarjejeniyar akwai lindan tun 2009, endosulfan tun 2011, sai kulofirifos da aka ƙara a 2025.

Ana ƙiyasta cewa soson yana tace kimanin kubik mita 4 a rana, wato a wata uku ya kamo abin da babban famfo ke kamawa a kwana guda, har da ɗoriya. Shi ya sa yake gano abin da ke iska ko da ƙanƙani ne. Samfuri huɗu sun isa shekara, saboda haka kuɗin da famfo ɗaya zai ci yana iya ɗaukar wurare da yawa: bakin gona, tsakiyar gari, makaranta, da wani wuri can nesa don kwatantawa. A ganina wannan taswirar ita ce babbar ribarsa, domin ita ke nuna ko maganin yana raguwa da nisa, da kuma gefen garin da ya fi shan wahala.

Sai dai kamar bokitin da aka bari a waje ne tsawon damina: zai nuna ruwa ya sauka da yawa, ba zai faɗi ranar da aka yi mamakon ba. Lambar da yake bayarwa ƙiyasi ce, domin ƙarfin iska da zafi suna canja yawan abin da yake kamawa. Sinadarai masu saurin tashi suna shiga su sake fita kafin a zo ɗauka, wasu kuma su ruɓe a cikin soson idan ya daɗe cikin zafi. Gas ɗin turara ƙasa ba aikinsa ba ne. Haɗarinsa na zahiri shi ne hannun mutane: kwanon ƙarfe mai sheƙi a kan sanda wata uku yana jan ido, don haka a kafa shi inda akwai mai kula, nesa da hayaƙin girki da ɗakin ajiyar magani.

Awarwaron roba

Masu bincike a Jami'ar Jihar Origon da ke Amurka ne suka nuna a 2014 cewa awarwaron silikon, idan aka wanke shi wanki na musamman, yana tsotse sinadaran da mai sanye da shi ya haɗu da su. Ana sa shi kwana biyar zuwa bakwai, a kwana da shi, a yi aiki da shi. An gwada shi a kan manoma a Senegal da yara a Afirka ta Kudu, ya kuma nuna magunguna iri-iri a hannun mutum guda.

Abin da ya bambanta shi shi ne yana bin mutum. Na'urar da ke kan sanda ba ta san cewa yaron nan yana ratsa gona zuwa makaranta ba, ko cewa matar nan ita ke wanke kayan mai feshi. Awarwaro ya sani. Ba ya karyewa, ba ya son wuta, yana jure tafiya zuwa ɗakin gwaji fiye da sauran, kuma mutane suna karɓarsa cikin sauƙi.

Matsalarsa ita ce ba ya rarrabe hanya. Abin da ya zo ta iska, da wanda aka taɓa da hannu, da maganin sauron da aka fesa a ɗaki, duk wuri guda suke taruwa. Sakamakon yana fitowa ne a matsayin nanogiram a jikin robar, kuma mai da shi adadin da ke cikin iska aiki ne mai wuya da ba a gama daidaitawa ba. Mai gona zai iya cewa daga gidanku ne, kuma awarwaron ba zai ƙaryata shi ba. Shi kansa abin araha ne, amma kowane mutum samfuri ne, mutum talatin gwaji talatin. Akwai kuma nauyin amana da nake ganin ana yi wa riƙon sakainar kashi: sakamakon na mutum ne da sunansa. Wanda aka ce an ga magani goma a hannun ɗansa yana da haƙƙin a zaunar da shi a yi masa bayani, kuma lebura yana da haƙƙin kada sakamakonsa ya kai kunnen wanda ya ɗauke shi aiki.

Takarda mai canja launi

Ƙaramar takarda ce ruwan ɗorawa, duk inda ɗigon ruwa ya taɓa sai ya zama shuɗi. Asali an yi ta ne don masu feshi su duba yadda injinsu ke watsa ruwa. Idan aka jera ta a kan shinge, da mita 10, da mita 50, da bakin taga, kafin a fara feshi, cikin sa'a guda kowa zai ga da idonsa inda ɗigon ya kai. Ita ce mafi araha, kuma ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Ba ta faɗin sunan magani, ba ta ganin tururi, ba ta kama ɗigo mafi ƙanƙanta, kuma raɓa ko laima mai yawa ko gumin yatsa suna shuɗantar da ita gaba ɗaya. A gaban kotu ba ta da nauyi. A zaman sulhu da maƙwabci kuwa, tana iya sa ya canja bakin injinsa zuwa mai manyan ɗigo ko ya jira iska ta juya.

Ƙananan na'urorin lantarki

Ana tallata na'urori masu allo da ke nuna lambar ƙura ko ta sinadarai masu tashi nan take. Kada ku saye su don wannan aiki. Ba sa bambanta maganin ƙwari da hayaƙin mota ko turare ko fenti, kuma adadin da magungunan gona ke kaiwa a iska yawanci ya yi ƙasa ƙwarai da abin da suke iya ji. Allon zai nuna kore alhali akwai magani, kuma wannan ya fi rashin awo illa. Na'urar lantarki ɗaya da ta cancanci kuɗinta ita ce mai rubuta alƙiblar iska da ƙarfinta da zafi, domin ba tare da wannan bayani ba, ko sakamakon famfo ba zai nuna daga wace gona maganin ya taso ba.

| Hanya | Abin da take nunawa | Tsawon awo | Kuɗi | Juriya da sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Famfo | Suna da adadi a kubik mita | Sa'a 4 zuwa 24 | Mafi tsada | Yana son wuta, sanyi da horo | Feshi ya faɗo ranar da ba ya aiki |
| Soso a kwano | Suna da matsakaicin adadi | Wata 1 zuwa 3 | Matsakaici | Mai juriya, mai sauƙi | Ɓoye ranakun da abin ya yi muni |
| Awarwaro | Abin da mutum ya haɗu da shi | Kwana 5 zuwa 7 | Ya danganta da yawan mutane | Mafi juriya | Ba ya nuna tushe, sirrin mutane |
| Takarda | Inda ɗigo ya kai | Lokacin feshi | Mafi araha | Laima na lalata ta | Ba suna, ba tururi |
| Na'ura mai allo | Ƙura ko gas gaba ɗaya | Nan take | Matsakaici | Mai sauƙi | Kwanciyar hankali ta ƙarya |

Akwai abin da teburin ba zai nuna ba. Ko lamba ta fito, mafi yawan ƙasashe ba su da iyakar doka ta maganin feshi a iskar waje, irin wadda ake da ita a abinci da ruwan sha. Kalifoniya tana amfani da matakan gargaɗi na lafiya, na kwana ɗaya da na makonni da na shekara, kuma da su masu bincike da yawa ke kwatanta sakamakonsu. Saboda haka tun kafin a kafa na'ura a zauna da mai ilimin guba ko likitan lafiyar al'umma, a amince da mizanin da za a kwatanta da shi. Kuma idan takardar sakamako daga ɗakin gwaji ta dawo da «ba a gano ba», a karanta ta da kyau. Ma'anarta ita ce ba a ga sinadaran da aka nema ba, sama da adadin da na'urar ke iya gani, a kwanakin da aka auna.

Wacce ta dace da wa

Idan ba ku san ma me ke cikin iskar ba, kuma kuɗin kaɗan ne, ku fara da soso a wurare huɗu ko biyar, zagaye ɗaya a lokacin feshi, ɗaya bayan an gama. Ku taƙaita zaman lokacin feshin zuwa wata guda don kada lambar ta narke. Abin da ya fito shi zai gaya muku sinadarin da ya cancanci a kashe wa kuɗin famfo.

Idan kun san maganin, kun san gonar, kuma burinku doka ko tazara tsakanin feshi da makaranta, famfo ne kawai zai ɗauke ku. Irin wannan doka tana yiwuwa: tun Janairun 2018 Kalifoniya ta hana wasu nau'o'in feshi a cikin kusan mita 400 daga makarantu, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma a ranakun karatu. Kada ku shimfiɗa kuɗinku a kan shekara guda. Ku tattara shi a makonni biyu ko uku na feshi, awo kullum, dare daban rana daban idan da hali, da na'urar rubuta alƙiblar iska a gefe da littafin da ake rubuta wa ya fesa me da ƙarfe nawa. Ku nemi jami'a ko hukuma ta shigo tun daga tsara aikin, domin wanda aka tsara da shi yana wuyar ƙin sakamakon.

Idan damuwar ita ce su wa suka fi haɗuwa da maganin, leburori ko mata masu ciki ko yara, awarwaro ne, tare da ma'aikatan lafiya da yardar kowane mutum. Ya fi amfani idan akwai soso ɗaya ko biyu a waje a daidai makon, don a ga ko abin da ke hannu shi ne ke iska.

Idan rigimar tsakanin gida ne da gonar maƙwabci, kuma har yanzu ana gaisawa, takarda ta isa. A jera ta tare da shi.

Idan kuwa mutane suna amai yanzu, suna dalalar da yawu, ƙwayar idonsu ta tsuke, numfashi na yi musu wuya, babu na'urar da za a jira. A fitar da su daga wurin, a cire tufafin, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a kai su asibiti tare da robar maganin ko hoton takardar jikinta. Asibitin da ke da halin gwajin kolinestares a jini, wato sinadarin jiki da irin wannan guba ke dannewa, zai iya tabbatar da guba ta dangin kulofirifos da DDVP, kuma gwajin ya fi amfani idan an yi shi da wuri. A rubuta rana da sa'a da inda iska ta fito da sunan maganin, a ajiye tufafin a leda a ɗaure, a kai rahoto ga hukumar da ke kula da magungunan gona a ranar.